Bunsurun da ke Gindin Ƙoƙo

A tsibirinmu na Terimna, in aka ce ƙoƙon Hermon ba mai tambayar wane Hermon. Maginin tukwane ne, gidansa na bayan kasuwar kifi, inda hayaƙin gashin yumɓu ke haɗuwa da iskar teku. Ƙoƙunan shan giyar inabi yake ginawa, masu faɗin baki da kunne biyu, baƙaƙe wuluk, a gindin kowanne daga ciki kuma akwai zanen dabba da jar ƙasa. Mai sha ba ya ganin zanen sai ya shanye. In ya shanye kuwa, al'adar walima ta hau kansa: ya ba da labarin dabbar da ya tarar, sannan ya sa wa labarin wutsiya, wato ya ce “wannan labari yana nuna cewa”, ya faɗi darasin. Mu nan ko yaro ya san labarin dabba bai cika ba sai da wutsiyarsa.

Hannun na Hermon ne, labaran kuwa na matarsa Filinna ne. Ita ma gadonsu ta yi daga kakarta ta wajen uwa, Ammiya, baiwar da aka sauke daga jirgi aka sayar a wannan kasuwa tamu tana 'yar shekara goma sha biyu, ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenmu. Ammiya ta yi raino a gidaje da yawa kafin a 'yanta ta. Ta mutu ba ta bar gona ba, ba ta bar ko awarwaro ba, sai labaran dila da hankaka da kunkuru da ƙaguwa, ta juye su duka a kunnen jikarta.

Da waɗannan dabbobin Filinna ta kama zuciyar Hermon ba da saninta ba. Wata safiya ya biyo ta bakin rijiya da kwandon yumɓu a kafaɗa, ya ji wata murya tana ba mata labarin ƙaguwar da ta je koyon rawa, ya tsaya. Bai motsa ba har yumɓun ya fara bushewa. Sau uku ya je wurin mahaifinta kafin kalmar aure ta yarda ta fito daga bakinsa, don Hermon mai in'ina ne, irin wadda ke sa mai sauraro ya sunkuyar da kai don tausayi. Tsohon ya daɗe yana yi masa tsiya, wai tun zuwan farko ya ba shi ita a zuciyarsa, so kawai yake ya ji ƙarshen maganar.

Filinna ce ta gano sirrin harshen mijinta. In hannunsa na juya wani abu, faifan da yake gina tukwane a kai ne ko ƙoƙo, maganarsa na tafiya sumul kamar man zaitun. In aka raba shi da abin juyawa, sai harshen ya harɗe. Don haka duk kalmomin ƙaunar da ya taɓa faɗa mata, ya faɗe su ne hannunsa dumu-dumu da yumɓu, ita kuwa ba ta taɓa son a wanke su ba.

Akwai wani aiki nasa guda da ba ƙoƙo ba ne, kuma ta fi alfahari da shi. Shekara biyu da suka wuce tulun gidan shari'a ya fashe, wannan mai huji a gindi da ake cika wa da ruwa don a auna wa mai magana lokacinsa, in ruwan ya ƙare bakinsa ya rufu ko da tsakiyar kalma yake. Dattawa suka ba Hermon aikin sabo. Tulu bakwai ya gina kafin hujin ya yi daidai da na tsohon, kuma da Filinna ya riƙa gwada su a tsakar gida: ya zare toshiya, ita ta fara labari. Wanda dattawa suka karɓa yana cin labari uku na Filinna, ba ƙari ba ragi. Hermon ya san muryar tulun nan kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Da fari ruwan na tsartuwa nesa da ƙarfi, in ya kusa ƙarewa sai ya dawo kusa da gindi yana ɗan shessheƙa.

Sai aka shiga shekarar fari, ƙuri'a kuma ta ba Gorgos kula da rijiyoyin gari. Gorgos mutum ne mai gonakin inabi, mai baki, mai gemu har ƙirji wanda yake shafawa in zai yi magana. Ba mugu ba ne a da. Amma tun da aka damƙa masa ruwa ya daina ganin maƙwabta, kowa ya zame masa ɓarawo. Ya sa aka yi wa babbar rijiya murfin katako, ba a buɗewa sai da hantsi. Ƙananan rijiyoyi biyu na bayan gari kuwa, da ya ga ba zai iya tsare su ba, ya sa aka cike su da duwatsu.

Ranar da aka cike ta biyun, Filinna ta dawo gida da rabin tulu bayan tsayuwar da ta kumbura mata ƙafafu, ga ta da ciki wata huɗu. Ta dire tulun, ta zauna kusa da faifan mijinta tana huci. Ya dube ta, bai tambayi komai ba, ya ce kawai yana da ƙoƙo guda da bai sami dabbarsa ba.

“An yi wata shekarar fari,” in ji ta, “dabbobi suka haɗu suka haƙa rijiya. Bushiya ta tona, jaki ya kwashe ƙasa, har kunkuru ya ɗauki abin da ya iya. Da ruwa ya fito aka ce wa zai yi gadi? Aka duba aka ga ba mai gemu kamar bunsuru, aka ce mai wannan gemu ai ba zai rasa hankali ba. Ranar farko bunsuru ya leƙa rijiya, sai ya ga wani mai gemu a ciki yana hararsa. Ya ce, af, ashe ɓarawo har ya riga ni. Ya turo dutse ya jefa masa. Ruwa ya kaɗa, ɓarawo ya ɓace. Da ruwan ya kwanta ya sake leƙawa, ga ɓarawo ya dawo, har ya ɗan matso sama. Ya ƙara dutse. Kullum ɓarawo na ƙara matsowa, kullum bunsuru na ƙara dutse, har ranar da ya leƙa bai ga kowa ba sai duwatsu. Ya tara dabbobi, ya shafa gemu, ya ce ku kwantar da hankalinku, na kashe shi.”

Hermon ya yi dariya har faifan ya karkace. Ya tambaye ta wutsiyar, ta ce mai sha ya sa. Da la'asar ya leƙa ta katanga ya zana bunsurun maƙwabcinsu, tsaye a bakin rijiya da dutse tsakanin ƙafafunsa.

Wani mai jiragen fatauci ya sayi ƙoƙon. Bayan wata biyu ya yi walima, ya zaunar da Gorgos a wurin girma, aka miƙa masa sabon ƙoƙo. Waɗanda suka halarta sun ce Gorgos ya shanye, ya duba gindin, ya daɗe yana dubawa. Na kusa da shi ya leƙa, ya toshe baki. Can wani daga ƙarshen ɗaki dariya ta kufce masa ta hanci, shi ke nan ɗakin ya ɗauka. Kashegari Gorgos ya kai ƙara cewa maginin tukwane ya ci mutuncin ma'aikacin gari yana kan aikinsa. Hukuncin da ya nema shi ne a kori Hermon daga Terimna, a rufe gidansa.

Filinna ta ji labarin tana tsaye a gaban masaƙa, zaren ya suɓuce daga hannunta. Kora! Ɗan da ke motsi a cikinta za a haife shi a bakin wata tashar jirgi, ba gari, ba kabarin kakanni, ba wanda zai san sunan ubansa. Kuma ita ta san abin da ba wanda ya sani. Hermon bunsuru ya zana. Ita ce ta ga Gorgos a cikin labarin, da fushinta ta ba da shi.

A wurinmu ba mai tsaya wa wani a gaban shari'a, kowa da bakinsa yake kare kansa. Abin da marar baki zai iya shi ne ya sayi jawabi ya haddace. Don haka aka kira Yudikos marubucin jawabai, wani siririn mutum mai ƙamshin turare, ya zo ya zauna a tsakar gidansu yana cin busasshen ɓaure kamar shi ya shanya. Ladansa ƙoƙo goma sha biyu, ya ma fara zaɓa tun kafin ya buɗe baki.

“Ɗan'uwa, abu ɗaya zan gaya maka, ka riƙe shi da haƙori,” in ji Yudikos. “Kada ka kuskura ka ba da labarin nan a gabansu. In ka ba da, dole ka sa wutsiya. In ka sa, ka zagi Gorgos a gaban mutum ɗari biyu, ka yanke wa kanka hukunci. In ka ƙi sawa, su ce kana ɓoye wani abu. Ko ta ina ka bi, jirgi na jiranka.”

Hermon ya yi ta kokawa da harshensa har ya samu ya tambayi abin da zai ce.

“Ka ce zancen mata ne. Shirmen wata tsohuwar baiwa da matarka ta kwaso, kai kuma ka zana ba ka san ma'anarsa ba, ai kowa ya san magini hannu gare shi ba kai ba. Ka fasa ƙoƙon a gabansu. Uwargida kuma ta tsaya a gefe da cikinta ta yi kuka.” Ya ɗaga murya wajen labulen da ya san Filinna tana bayansa. “Uwargida, kin iya kuka, ko in kawo albasa?”

Da gaske ya aiko da albasar tare da jawabin.

Bayan tafiyarsa Filinna ta fito ta durƙusa kusa da mijinta. Ta ce masa ya faɗa, duk ya faɗa, ya ƙara da nasa in ya ga dama. Ta ce laifinta ne, bakinta ne ya jawo. Hawaye na zubo mata ba tare da taimakon albasa ba.

“Maigida, Kaka ta mutu. Ba za ta ji ba.”

Ya ɗauki wani ƙoƙo da bai bushe ba, ya juya shi a tafin hannunsa.

“Ni zan ji,” ya ce.

Duk da haka ya haddace jawabin. Kwana tara yana kai da kawowa a tsakar gida da rana tsaka yana tuntuɓe da kalmomin Yudikos, ita tana gyara masa inda ya manta. Da bakinta ta koya masa yadda zai ce “shirmen tsohuwar baiwa” ba tare da ya sarƙe ba. A rana ta tara ta ɗauki ɗan man zaitun da wainar zuma ta je kabarin Ammiya, ta zuba, ta tsaya. Ta so ta nemi gafara, ta rasa ta inda za ta fara, ta juyo gida.

Ranar shari'a gari ya waye da zafi. Mutum ɗari biyu da ɗaya ƙuri'a ta zaɓa, suka cika bencinan dutse, masunta da manoma da maƙera, kowa da tsakuwarsa guda ta yanke hukunci a hannu. Filinna ta tsaya bayan shingen katako, lulluɓe da mayafi, albasar na ɓoye a tafinta. Daga nan tana hango tulun a kan dakalinsa, da kwano a ƙasa mai tare ruwan. Ta gane ɗan karkacen da ke kunnensa na hagu, inda babban yatsan Hermon ya zame ranar da ta ba shi dariya.

Gorgos ne ya fara. A faɗi gaskiya, ya iya magana. Ya tuna musu fari, ya tuna musu kwanakin da ya yi a rana yana gadin ruwansu. Ya kawo nasa labarin, na ɓeran da ya riƙa gaigayar katakon jirgin da yake ciki don ya ji haushin matuƙi, ya sa masa wutsiya mai kyau, kawuna suka gyaɗa. Sannan ya ɗaga ƙoƙon sama ya zagaya da shi, ya ce ba ya neman komai sai abu ɗaya: maginin nan ya ba da labarin bunsurunsa a gabansu, ya sa masa wutsiya da bakinsa, su ji wa yake nufi. Ya gama tun ruwansa bai ƙare ba, ya zauna yana shafa gemu.

Aka sake cika tulu. Hermon ya hau dakalin magana, hannuwansa na rataye kamar ba nasa ba. Mai kula da ruwa ya zare toshiya.

“Ya ku m-m-mutanen T-t-t…”

Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Wani daga cikin abokan Gorgos ya ce a ƙaro tulu uku, wani ya ce a aika gida a gaya wa mata kada su jira su cin abinci. Ruwa na tsartuwa nesa da ƙarfi. Filinna ta matse albasar har farcenta ya shige ta. A ranta tana ƙirgawa, rabin labari ya tafi, labari guda ya tafi, mijinta bai wuce sunan garinsu ba.

Sai ya miƙa hannu wajen teburin shaida. Aka ɗauka fasawa zai yi, aka miƙa masa ƙoƙon. Ya karɓa da hannu biyu, ya fara juya shi a hankali, yatsunsa na bin bakinsa. Filinna ta ga kafaɗunsa sun sauka.

“An rubuta mini abin da zan faɗa,” in ji Hermon, muryarsa ta fito sumul har na bencin baya suka ɗago. “An ce in ce zancen mata ne. To, zancen mata ne. A bakin matata na ji shi, kuma a gidana ba abin da ya fi shi daraja, har da ni.”

Bai kira sunanta ba, don mace mai mutunci ba a ambaton sunanta a gidan shari'a. Amma ya juyo ya dube ta, mutum ɗari biyu suka juyo tare da shi. Filinna ta ji jini ya hau fuskarta a ƙarƙashin mayafi. Nan ne ya kamata ta fashe da kuka. Maimakon haka ta ji bayanta ya miƙe da kansa.

“Ita kuma a bakin kakarta ta ji. Baiwa ce, an saye ta a kasuwar nan. Ta mutu, don haka zan faɗi sunanta. Ammiya.”

Wani gunaguni ya bi bencinan. A sahun gaba akwai tsoho Bakkiyos masunci, wanda ba ya iya raɗa ko ya so.

“Ammiya mai tsagaggen kunne? Kai, yaro, ai ita ta yaye ni!”

Wani daga baya ya ce shi ma ta yi rainonsa, har yanzu yana da tabon dukan cokalinta. Wani ya ce ita ta hana shi tsoron mujiya. Shugaban zama ya buga sanda, aka lafa.

Hermon ya sauko ya durƙusa gindin tulun, ya kamfaci ruwa daga kwanon da ke tarewa har ƙoƙon ya cika, ya miƙa wa Bakkiyos, ya ce ya duba ya ba na kusa da shi. Mai kula da ruwa ya kai hannu zai toshe hujin, kamar yadda ake yi in ana nuna shaida.

“Bar shi ya zuba,” in ji Hermon.

Filinna ta ƙirga a ranta. Labari guda da rabi ya riga ya tafi, ga shi yana zubar da sauran da hannunsa.

Bakkiyos ya sunkuya a kan ƙoƙon. Baƙin fenti da ruwa sun zama madubi, fuskarsa na shawagi a saman bunsurun.

“Ni dai wani tsoho nake gani, mummuna, haƙori biyu, gemu kamar tsohuwar koma. A kama shi, wannan da gani ɓarawo ne.”

Dariya ta tashi. Ƙoƙon ya bi sahu hannu zuwa hannu, kowa ya leƙa ya ga nasa gemun ya miƙa gaba yana murmushi. Hermon ya zare zoben da ke yatsansa ya ci gaba da juya shi. Ya ce duk wanda ya ga Gorgos a ciki ya ɗaga hannu. Ba hannun da ya tashi. Ya ce shi ma bai gan shi ba ranar da yake zane, bunsurun maƙwabcinsa ne, yana nan ɗaure a gida in suna so a kawo shi shaida.

“Gorgos ya nemi labari,” ya ce. “Haƙƙinsa ne. An yi wata shekarar fari.”

Yudikos, da ke tsaye cikin 'yan kallo, ya dafe kai da hannu biyu. Filinna ta kusa yin ihu. Ga tarkon a buɗe, ga mijinta yana takawa cikinsa da ƙafarsa.

Da kalmominta ya ba da shi, har da inda take ɗan dakatawa kafin bunsuru ya leƙa. Da ya zo kan jakin da ya kwashe ƙasa, wani manomi ya ce a'a, sa ne, haka Ammiya ta faɗa musu. Bakkiyos ya ce jaki ne, shi da aka ba labarin tun uban wancan bai yi gemu ba. Aka kaure da gardama, tsofaffi masu jikoki suna musu a kan jaki da sa kamar yara a gindin murhu. Hermon ya tsaya yana jiransu, bai katse kowa ba. Ruwan ya dawo kusa da gindin tulu. Filinna tana cewa a ranta yi sauri, yi sauri, ba ta ma san saurin me take so ya yi ba.

Sai ta lura da kansa. Ya ɗan karkata shi hagu, wajen tulun, daidai yadda yake yi a tsakar gida shekara biyu da suka wuce in ta shiga labari na uku. Sauraro yake. Gardamar tsofaffin nan ba ɓata masa lokaci take ba, auna ta yake yi. Albasar ta suɓuce daga hannunta ta gangara cikin mayafi, ta dafe shingen da hannu biyu.

Ya ci gaba. Bunsuru ya jefa dutse, ɓarawo ya matso sama, ya ƙara dutse. A nan ya ɗan ja, a can ya ɗan gaggauta. Tulun ya fara shessheƙa. Da bunsuru ya tara dabbobi, rabin bencinan suka faɗa tare da shi, “ku kwantar da hankalinku, na kashe shi.” Gorgos ya karkato gaba a kujerarsa. Hermon ya ja numfashi.

“Wannan labari yana nuna cewa…”

Ɗigo na ƙarshe ya faɗa cikin kwano. Kowa ya ji shi. Mai kula da ruwa ya ɗaga hannu, Hermon ya rufe bakinsa, ya mai da zobensa, ya sauko daga dakali.

Gorgos ya miƙe tsaye, gemunsa na rawa.

“Ƙarasa! Sa masa wutsiya in ka isa!”

Shugaban zama, wani dattijo mai sanyin murya, ya dube shi.

“Ruwansa ya ƙare, Gorgos. Kai da ke gadin ruwa ai ka fi kowa sanin ba a ƙari.”

An ce har a kasuwar kifi an ji dariyar.

Aka jera randa biyu, ta farko ta mai ƙara, ta biyu ta wanda ake ƙara. Mutanen suka taso sahu-sahu suna wucewa, kowa da tsakuwarsa. Filinna ta rufe ido ta bi da kunne. Randa ta farko na amsawa da ƙarar wofi jefi-jefi, ta biyun kuwa tun ana rabi ta daina ƙara, tsakuwa na faɗawa kan tsakuwa. Da aka juye aka ƙirga, talatin da takwas ne na Gorgos, ɗari da sittin da uku na Hermon. Ɗan cikinta ya yi wani juyi mai ƙarfi, ta dafe shi ta ce masa a hankali, “Ka ji ubanka?”

Suka taho gida ta cikin kasuwa, shi a gaba ita a baya kamar yadda aka saba, sai dai ranar mayafinta bai rufe fuska sosai ba, kuma ba ta gyara ba. Masu kifi na kiransa ta ko'ina suna tambayar wutsiya, shi kuwa in'inarsa ta dawo daram, sai ɗaga hannu yake. Bakkiyos ya tare su ya danƙa mata kifi uku manya, ya ce na Ammiya ne, ya daɗe yana so ya gode mata. Ya ƙara da cewa jaki ne, kada ta bari kowa ya ce mata sa.

Da suka shiga gida ta rufe ƙofa, ta jingina da ita, ta dube shi ta daɗe. Wannan mutum mai yumɓu a ƙarƙashin farce, wanda sai da ya je sau uku kafin ya iya neman aurenta.

“Maigida, da ɗigon nan ya makara fa?”

Ya ɗauki wani murfin tukunya daga kan dakali ya juya shi.

“Ni na huda tulun, Filinna.”

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, kukan da ta hana gidan shari'a ta ba shi duka a ƙirjinsa. Da ta warware mayafinta albasar Yudikos ta faɗo ƙasa. Ta tsince ta, ta yanka ta a kan kifin Bakkiyos.

Kafin wata ya mutu taron gari ya sa aka kwashe duwatsun ƙananan rijiyoyin nan biyu, ɗaya ta dawo da ruwa, ɗayar ba ta dawo ba. Gorgos ya ƙarasa shekararsa, sai dai ya rage gemu.

Maginanmu na da al'adar rubuta suna a ƙasan abin da suka gina, kamar ƙoƙon ne ke magana: wane ya yi ni. Da Hermon ya buɗe gashin farko bayan shari'a, ya kira Filinna ya miƙa mata ƙoƙo guda da sauran ɗuminsa. Ta kifa shi. Ba ta iya karatu ba, amma ta san siffar sunan mijinta, ta ga kuma yau rubutun ya fi na kullum tsawo, ya zagaye gindin har ya kusa cin wutsiyarsa. Ta ɗago ido. Ya karɓa, ya juya shi a hankali yana bin haruffan da yatsa.

“Hermon ya yi ni. Ammiya ta faɗe ni.”

Filinna ta karɓe ƙoƙon ta rungume a kan cikinta, ta ce wannan ba na sayarwa ba ne. Sannan ta jawo kujerarta kusa da faifan, ta tambaye shi ƙoƙo nawa ne ba su sami dabbarsu ba.